Steam Deck mai 64GB a ƙauye: SSD zan fara saye, ko memori, ko fawa bank?

Ɗan Ringim: Assalamu alaikum ƴan'uwa. Shawarar masana nake nema. Steam Deck gare ni, na'urar buga gem ta kamfanin Valve, ta hannu na saya, samfurin LCD mai 64GB. Akwai memori na 128GB a ciki, a kansa nake zuba gem, amma kullum cewa take wuri ya cika. Kuɗin da ke hannuna ba zai ɗauki komai a lokaci guda ba. Da SSD (ma'ajiyar ciki) na 1TB, da babban memori, da fawa bank, wanne ya kamata in fara? Wuta a wajenmu sai a hankali, sola da janareta muka dogara da su. In kuma SSD ne, ana iya canjawa a gida ko dole sai na shiga Kano?

Ƴar Kazaure: Wa'alaikumussalam ƙanina. Ƙara girman memori ba zai magance maka wannan cikar ba. Daga cikin 64GB ɗin, abin da SteamOS, manhajar da ke tafiyar da na'urar, ke bar maka bai kai 50GB ba. Sannan ko a memori ka zuba gem, akwai jakunkuna biyu da ke zama a ma'ajiyar ciki: shadercache da compatdata. Ta farko tana ajiye abin da na'urar ta riga ta sarrafa na zanen gem don kada ya riƙa tsinkewa, ta biyu kuma ɗan gidan Windows ne na ƙarya da Proton, manhajar da ke sa gem ɗin Windows ya tashi a SteamOS, ke gina wa kowane gem. Shi kansa Proton kowane samfuri da ka sauke yana da nasa nauyin. Su ne ke cinye wurin a ɓoye. Kada ka goge compatdata da ka, domin wasu gem a nan suke ajiye inda ka tsaya.

Oga Mai Gyara, Bichi: Gaskiyar Malama ce. Mai 64GB maganinta SSD. Kuma ramin da ke cikinta iri ɗaya ne da na mai 256GB da 512GB, ƙaramin katin eMMC ne kawai aka soka a wurin, ana zare shi a sa SSD nau'in NVMe.

Girman da za ka nema shi ne M.2 2230, wato faɗi milimita 22, tsawo milimita 30, mai kaya a fuska ɗaya. Irin su WD SN740, Kioxia BG4 ko BG5, Samsung PM991a, Corsair MP600 Mini. Idan ka je Farm Center ko Beirut Road ka kula da abu biyu. Katin wayarles na laftof ma 2230 ne, girmansu ɗaya, tsagar bakinsu ce ta bambanta, kada a miƙo maka shi a cikin leda ka taho. Na biyu, yawancin 2230 da ke yawo a kasuwa an zare su ne daga tsofaffin laftof. Ba laifi ba ne, amma ka sa a jona shi a kwamfuta a buɗe CrystalDiskInfo a gabanka, ka ga awannin da ya yi yana aiki da kason lafiyar da ya rage. Mai kayan da ya ƙi a gwada, ka bar masa kayansa.

Kada ka biya ƙarin kuɗi don an ce maka Gen4 ne. Zai yi aiki, amma ramin Deck Gen3 ne, gudun Gen3 zai ba ka.

Baban Yara, Wudil: Oga, 2242 fa, mai tsawon milimita 42? Ya fi samuwa, ya kuma fi sauƙin kuɗi. Na ga ana sa shi da ɗan mahaɗi.

Oga Mai Gyara, Bichi: A'a Baba, kada a yi. Tun 2022 Valve ta gargaɗi mutane a kan wannan. Kusa da SSD ɗin akwai ɗan aisi mai kula da caji, yana ɗaukar zafi sosai, kuma akwai ɗan matashi mai kwashe zafinsa zuwa murfin ƙarfe. Dogon SSD yana ture wannan matashin daga mazauninsa, ga shi yawancinsu sun fi jan wuta. Ranar farko ba za ka ga komai ba, a hankali ɓarnar ke zuwa. Cikin na'urorin gem na wasu kamfanoni, Lenovo Legion Go ce aka yi wa 2242, ROG Ally X kuma 2280. Kowace da nata.

Malam Mai Sola, Gumel: Ni ina da ja a kan jerin. Ɗan Ringim ya ce wuta ce matsalarsu, to a yi lissafi kafin a zuba kuɗi a 1TB.

Batirin samfurin LCD 40Wh ne. Gem mai nauyi na iya jan kusan 25W idan aka haɗa injin da sikirin da fanka, wato awa ɗaya da rabi ke nan ta mutu. Ko 2TB ka sa, awa ɗaya da rabin nan ce dai. Shawarata ka sayi SSD na 512GB, rarar ka zuba a fawa bank na ƙwarai. Da datar da muke saye a nan, wata nawa za ka ɗauka kafin ka cika 1TB?

Fawa bank ɗin kuma ba kowanne ba. Cajar Deck ta asali 45W ce, 15V a 3A. Ka juya bayan fawa bank ka karanta ƙananan rubutun da ke ƙarƙashin USB-C. Idan ba ka ga 15V⎓3A ba, ba naka ba ne. Waɗannan na waya da aka rubuta wa 22.5W da manyan baƙi, abin da suke ba Deck bai wuce 9V a 2A ko kusa da haka ba. Za ta nuna maka cewa cajar ba ta da ƙarfi, in kana buga gem mai nauyi batirin zai ci gaba da sauka alhali tana jone.

Batun 20,000mAh kuma, a kan 3.7V ake ƙirga shi, wato 74Wh. Wani kaso yana tafiya a zafi wajen ɗaga wutar zuwa 15V, abin da zai shigo maka wajen 60Wh ne. Cika ɗaya da rabi ke nan. Wanda ya ce maka zai cika ta sau huɗu, lissafin waya yake yi.

Ɗan Ringim: Allah ya saka da alheri Malam. Muna da batirin sola 100Ah a gida. Ta inbata zan riƙa caji, ko akwai hanyar da ta fi?

Malam Mai Sola, Gumel: Ta inbata zai yi, sai dai akwai asara: ka ɗaga 12V zuwa 230V, caja ta sake sauko da ita zuwa 15V, ga inbatar tana cin nata ko ba a jona mata komai ba. Cajar mota mai USB-C PD da aka ɗaura kai tsaye a batirin ta fi tattali, amma a nan mutane ke faɗawa rami. Yawancin cajojin mota masu arha sauke wuta kawai suka iya, ba sa ɗagawa. Daga 12V ba za su iya ba ka 15V ba, ko da an rubuta 45W a kwalinsu, sai a mota mai 24V suke kai hakan. Ka nemi wadda aka rubuta tana fitar da 15V da 20V daga shigar 12V, wato mai buck-boost. Ka sa fiyus na 10A a wayar ja, dab da kan batirin.

Batirin 100Ah a 12V 1,200Wh ne a takarda. In mai ruwa ne ko jel, rabi kawai za ka taɓa don ya daɗe, 600Wh ke nan. Cika Deck sau ɗaya wajen 50Wh zai ci, ba zai hana fankar ɗaki da fitila aiki ba.

Janareta kuwa, kada ka bar ta a jone lokacin tayarwa da lokacin da mai ke ƙarewa yana shaƙewa. Ka caja fawa bank da janareta, ka caja Deck da fawa bank. In wani abu zai ƙone, gara ya tsaya a kan mai arha.

Oga Mai Gyara, Bichi: Na yarda da 512GB ɗin Malam. Yanzu ga yadda ake buɗewa, tunda ka tambaya ko za a iya a gida. Za a iya, in akwai natsuwa da sukudireba mai kyau.

Ka bar cajin ya sauka ƙasa da kashi 25, domin batirin litiyom da ya cika in aka huda shi bisa kuskure wuta yake kamawa. Ka kashe ta gaba ɗaya, ka danne maɓallin ƙara sauti tare da na kunnawa har BIOS ya fito, ka shiga Setup Utility, ka je Power, ka zaɓi Battery storage mode. Daga nan ba za ta sake tashi ba sai an soka mata caja.

Ka cire memori. Na sake faɗa, ka cire memori. Bakinsa yana leƙowa ta cikin murfin baya, in ka ɓalle murfin yana ciki, gida biyu zai rabe, kuma ba a gyara shi.

Notuna takwas ne a baya, huɗu dogaye a kusurwoyi, huɗu gajeru a tsakiya. Kan gicciye ne a LCD. Samfurin OLED da ya fito a Nuwamban 2023 kuma kan tauraro ne, T6. Ka zana hoton bayan a takarda ka ɗora kowane noti a gurbinsa. Na LCD a cikin roba suke cin zarensu, saboda haka ka danna sukudireban sosai ka juya a hankali. In bakinsa ya yi ƙanƙanta ya fara zamewa, ka tsaya, kada ka cinye kan notin.

Murfin da haƙoran roba yake kame. Ka fara daga gefen maɓallin R2 da abin ɓamɓara na roba ko tsohon katin ATM, ban da wuƙa, ban da reza. A ciki za ka ga murfin ƙarfe a kan fanel. In fari ne mai sheƙi, notuna uku gare shi, ɗaya yana ɓoye ƙarƙashin ƴar takardar gwangwani da aka manna, ka ɗaga ta a hankali da hantsaki don za ka mayar da ita. In baƙi ne, na baya-bayan nan ke nan, babu wannan ɓoyayyen. Ka zare filogin batir ta hanyar jan ɗan zanen da ke jikinsa, kada ka ja wayoyin. Sai noti ɗaya da ke riƙe da SSD, kana kwance shi zai ɗago da kansa, ka zare.

Tsohon yana sanye da ƴar riga ta gwangwani. Ka zame ta ka sa wa sabon. Ita ke kare shi daga haɗuwa da ƙarfe, ita ke hana shi damun katin wayarles da ke kusa da shi. Masu gaggawa suna yar da ita, daga baya su zo suna kukan wayarles na yankewa.

Wajen mayarwa, ka juya kowane noti baya kaɗan har ka ji ya faɗa tsohon zarensa, sannan ka ɗaure. Da ya tsaya ka bari.

Injiniya, Birnin Kudu: Ƙari a kan bayanin Oga, musamman da yake hunturu ya kusa. Lokacin da iska ta bushe, jikin mutum yana tara wutar da kake ji ta ɗan tsikare ka in ka taɓa ƙofar mota. Wannan ta isa ta kashe aisi. Kada a yi aikin a kan katifa ko darduma ko tabarmar roba, kada a sa rigar leda. Teburin katako, ƙafa a ƙasa ba takalmi, ka taɓa ƙarfen taga kafin ka taɓa fanel. SSD kuma a gefe ake riƙe shi, ba a taɓa haƙoran zinaren.

Ƴar Kazaure: Saura manhaja, domin sabon SSD fanko yake zuwa. Hanya biyu ce.

Ta farko, ka sauke SteamOS recovery image daga shafin Valve, ka rubuta shi a filash na 8GB ko sama da haka da Rufus ko balenaEtcher. Za ka buƙaci mahaɗin USB-C. Ka danne maɓallin rage sauti tare da na kunnawa, ka zaɓi filash ɗin, ka jira, yakan daɗe a baƙin sikirin. In ya buɗe ka zaɓi Reimage Steam Deck. Wannan tsaf take fitowa, sai dai bayanta dole ka sami intanet mai ƙarfi don sabuntawar farko da shiga asusunka, kuma duk abin da ke ciki sai ka sake saukewa.

Ta biyu ita nake ba mutanen karkara shawara: kwafe tsohon gaba ɗaya zuwa sabon kafin a buɗe na'urar. Ka sa sabon SSD a gidan NVMe mai USB-C, ka jona, ka shiga Desktop Mode, ka buɗe Konsole, inda ake rubuta umarni. Ka sa wa asusun kalmar sirri da passwd in ba ka taɓa yi ba. Ka rubuta lsblk ka tabbatar da sunan kowanne ta hanyar duba girmansu, na ciki yawanci nvme0n1, na waje sda. Sai ka yi amfani da dd, umarnin kwafe faifai, na ciki a if (inda za a kwaso), na waje a of (inda za a zuba). In ka juya su, fankon zai hau kan mai kayan, komai ya tafi, kuma dd ba ya tambayar ko ka tabbata. Ka karanta layin sau biyu kafin ka danna. Na'urar ta kasance a kan caji ko cike take. Bayan ka sa sabon a ciki, SteamOS yakan faɗaɗa wurin da kansa a tashin farko. 512GB zai nuna maka ƙasa da haka, wajen 476 kafin a cire na tsarin, bambancin ƙirga ne, ba a cuce ka ba.

Baban Yara, Wudil: Duk wannan na ji, amma a tambayi yaron nan wane gem yake so. In ƙwallo ce, EA Sports FC ba ya tashi a SteamOS, saboda manhajarsu ta hana maguɗi ba ta yarda da Linux. Tun FIFA 23 haka abin yake. Fortnite ma haka. Ni a ganina ya sayar da ita ya cika kuɗi ya ɗauki ROG Ally, Windows 11 ce kai tsaye, sikirin 1080p mai 120Hz, ta fi ƙarfi nesa ba kusa ba.

Injiniya, Birnin Kudu: Ta fi ƙarfi, Baba, ba musu. Amma Ally ta farko, ta 2023, batirinta 40Wh ne kamar na Deck, kuma a Turbo injinta kaɗai 25W yake ja. Awa ɗaya da ƙyar. Cajarta 65W ce, 20V a 3.25A, wato fawa bank mai tsada, da kebul mai 5A, domin kebul na gama-gari a 3A yake tsayawa, 60W ke nan. Ga ramin memorinta yana dab da inda zafi ke fita, Asus da kanta ta amsa a 2023 cewa zafi na iya sa ya daina karanta kati. Wanda zai ɗauki ta hannu ya gwada ramin da memorinsa kafin ya biya. Ally X ta 2024 mai 80Wh ita ce ta dace da inda babu wuta, kuɗinta kuma wani zance ne.

Baban Yara, Wudil: To ya sa Windows a memori, ya riƙa tashi daga can.

Ƴar Kazaure: Yana tashi, Baba, amma Windows ba ya daina ƙananan rubuce-rubuce ko ba ka taɓa komai ba, memori kuma ba a yi shi don haka ba. Zai yi nauyi, katin ya gaji da wuri. In ƙwallon ce dole, a raba SSD gida biyu. SteamOS ake fara sawa, domin Reimage yana share faifan duka. Sannan a tashi daga filash ɗin recovery, a rage ɓangaren home da KDE Partition Manager, a sa Windows a sararin da ya samu, a sauke direbobin da Valve ta fitar. Windows zai ƙwace tashin farko, sai ka riƙa zaɓa da maɓallin rage sauti. A wannan yanayin kaɗai nake ganin 1TB ya cancanci kuɗinsa.

Ɗan Ringim: Ƙwallo ba ta dame ni ba Anti, gem na labari da na tsere na fi bugawa. 512GB zan ɗauka da fawa bank. Memorin fa, in zan ƙara nan gaba? Sannan fankar tana ƙara sosai da rana, bayan na'urar har ƙuna yake.

Ƴar Kazaure: Ramin memorin nau'in UHS-I ne, iyakarsa wajen 100MB a daƙiƙa, kada ka biya kuɗin katin da ya fi haka gudu. Ka nemi mai alamar A2 da U3. Jabu sun yi yawa: katin 32GB ne ake yi wa dabara ya nuna 512GB, yana cika sai ya fara taka tsofaffin fayil. Ka gwada shi da H2testw a kwamfuta, ya cika shi tam ya karanta, ko da zai kwana yana yi. Deck ma tana ɗan bincikensa lokacin da take goge shi, in ta ƙi karɓa kada ka tilasta mata.

Don data kuma, in wani a garinku yana da gem ɗin da kai ma ka saya, ku hau wayarles ɗaya, Steam, manhajar Valve da ake sayen gem a cikinta, na iya kwaso fayilolin daga na'urarsa, sai dai ya buɗe izinin a Settings ƙarƙashin Downloads. Kafin ka bar inda sabis yake, ka kunna kowane gem sau ɗaya, sannan ka koma Offline Mode.

Injiniya, Birnin Kudu: Batun zafin shi ya fi damuna a duk zancen nan. Valve ta ce an gina Deck don yanayi daga digiri 0 zuwa 35. Injin yana fara rage gudu da kansa a digiri 100, a 105 ya kashe kansa. Mu kuwa a Afrilu da Mayu, Hadeja da Gumel da Ringim ana haura 40 a inuwa, ɗaki mai rufin kwano ya fi haka. Tun kafin ka kunna ta ka wuce iyakar da aka ɗiba mata.

Abin da ya fi kowane kayan ƙari amfani kyauta ne. Ka danna maɓalli mai ɗigo uku, ka shiga Performance, ka sauke sikirin zuwa 40Hz, ka ƙayyade TDP, wato iyakar wutar da injin zai ja, tsakanin 9W da 11W maimakon 15W. Gudun da za ka rasa kaɗan ne, zafi ya ragu, batir ya ƙara daɗewa. Ka ajiye saitin ga kowane gem daban.

Iska ta baya take shiga, ta sama take fita. Ɗora ta a kan katifa ko filo yana toshe mashigar, haka rigar roba mai arha da ba a huda ta daidai ba. Kada a caja ta a cikin jakarta a rufe, kada a bar ta a but ɗin babur a rana. In SteamOS ɗinka ya kai 3.7, akwai wurin tsayar da caji a kashi 80, ka kunna shi, zafi da cikar batir in suka haɗu su ke kumbura shi. Alamar kumburi ita ce murfin baya ya fara ɗagawa ko maɓallan baya su yi tauri. In ka ga haka ka daina caji.

Oga Mai Gyara, Bichi: Tunda za ka buɗe ta, ka duba fankar a lokacin. Ƙurar hunturu takan taru a bakin siraran ƙarafan da iska ke bi ta fita, ta daskare kamar auduga. Ka danne fankar da yatsa don kada ta juya, ka share da burushi mai laushi, ka hura da ƴar robar hura iska ta masu gyaran waya. Kada ka kai wa mai faci ya hura mata kwamfuresa: iskar tana ɗauke da ruwa da mai, ƙarfinta kuma yana juya fankar fiye da ƙima ya lalata ta. Goge datti da isopropyl mai kashi 90 ko sama, ban da fetur, ban da tina.

Man da ke tsakanin injin da ƙarfen sanyaya kuwa, in bayan shara zafin ya sauka, ka bar shi yadda yake.

Baban Yara, Wudil: Analog (sandar juyawa da babban yatsa) mai maganaɗisu fa, da murfin baya mai ƙarin huji, da ƙara RAM zuwa 32GB? Ana ta tallarsu.

Oga Mai Gyara, Bichi: RAM ɗin 16GB a like yake da dalma a jikin fanel, sai an ɗaga shi da injin zafi an kuma taɓa BIOS. Ba aikin gida ba ne, ribar ma kaɗan ce. Murfi mai huji a kan fanka yana sanyaya injin, amma an tsara iskar ne ta ratsa ta kan SSD da aisin caji kafin ta isa fanka. In ta sami gajeriyar hanya ta daina bi ta kansu, ga ƙarin ƙofa ga ƙura. A ƙasarmu ban ba da shawararsa ba.

Analog kuma sai in ya fara tafiya da kansa. Ko a nan ka fara faɗaɗa deadzone, wato ɗan motsin da na'urar ke ƙyalewa, a Settings, wajen Controller, ka share gindinsa da isopropyl. In ya ƙi, irin na GuliKit mai maganaɗisu, wato Hall effect, ba ya gogayya a ciki, shi ya sa ƙura ba ta cinye shi da wuri. Analog ɗin samfurin LCD nau'i biyu ne. Ka shiga Settings, System, ka duba Steam Deck Controller ID: in ya fara da MEDA nau'in A ne, in MHDA ne nau'in B. Ka tabbatar wanda za ka saya ya dace da naka, ka kuma tambaya ko yana zuwa da hularsa, domin akwai siririyar waya a jikin hular da wasu samfuran sai an like ta da dalma. Bayan sawa ka buɗe Konsole ka rubuta thumbstick_cal ka daidaita shi.

Ɗan Ringim: Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Tambaya ta ƙarshe Oga: bayan na sa SSD, in rufe duka sannan in gwada?

Oga Mai Gyara, Bichi: A'a. Ka mayar da filogin batir ka tabbatar ya shige har ƙarshe, ka ɗaura murfin ƙarfe, ka ɗora na baya ba tare da ka danna haƙoransa ba. Ka soka caja, domin daga Battery storage mode maɓalli ba ya tashinta. Ka shiga BIOS ka ga ko sunan sabon SSD ya fito. In bai fito ba, yawanci bai zauna daidai a raminsa ba ne: ka cire caja, ka zare filogin batir, ka sake soka SSD ɗin a karkace har haƙoran zinaren su ɓace, sannan ka kwantar da shi ka ɗaure. Sai ka ga sunansa ka rufe, ka mayar da memori a ƙarshe.